Wace intakula zan saka wa motata mai turbo bayan an ƙara mata ƙarfi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina da mota mai injin fetur lita 2.0 mai turbo. Kwanakin baya na kai an sake mata lissafin kwamfuta, matsin turbon ya tashi daga bar 1 zuwa kusan bar 1.4. Da sassafe ko da dare motar tana tashi yadda nake so, amma da rana, in na take ta sau biyu ko uku a jere, sai in ji ta yi laƙwas kamar an riƙe ta ta baya. An ce mini intakula ce ta yi mata kaɗan. Na ga iri biyu. Ɗaya don motata aka ƙera ta, tana shiga mazaunin ta asali, kaurinta milimita 65. Ɗayar kuma babba ce, kauri milimita 100, an rubuta tana ɗaukar ƙarfin doki 700, amma sai an yanke ƙarfen da ke bayan bamba kafin ta shiga. Zuciyata ta fi karkata ga babbar, tunda na ji ana cewa ba a asara da babba. Wacce zan ɗauka, kuma doki nawa za ta ƙara mini?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: ko da gaske intakular, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matse kafin ta shiga inji, ita ce ke riƙe motar, in ita ce wacce za ka saya cikin biyun, sannan me za ka samu bayan an ɗaura. Bari in ba ka hukuncina tun yanzu, dalilai su biyo baya. Kada ka sayi ko ɗaya sai ka auna zafin iskar da ke shiga injin. In awon ya tabbatar da zargin, kuma alamun da ka faɗa sun yi kama da hakan ƙwarai, to mai shiga mazaunin asali ita ce taka. Babbar ba ta motarka ba ce, kuma yanke ƙarfen bamba saboda ita ba abu ne da zan yarda a yi a gabana ba.

Abin da ke samun iskar tun daga turbo

Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, ko da turbon ba ya kusa da salansa. Matsin ne kansa ke haifar da zafin, sannan turbo ba ya aikinsa ɗari bisa ɗari, don haka yana ƙara wani zafin a kai. Mu ɗauka zafin gari digiri 35 ne a ma'aunin Salshiyas, turbon kuma yana aiki da nagartar kashi 70 cikin 100, wanda shi ne abin da aka saba samu. A matsin bar 1 iskar za ta fito daga turbo tana kusan digiri 130. A bar 1.4 da aka kai ka yanzu, za ta fito tana kusan digiri 160. Ba nan kaɗai abin ya tsaya ba, domin yawan iskar da ke wucewa shi ma ya ƙaru da kusan kashi 20. In ka haɗa ƙarin zafin da ƙarin yawan, za ka ga nauyin da aka ɗora wa intakular ya ƙaru da fiye da rabi, alhali ita ba ta canza ba. Kamfani ya auna ta ne daidai da ƙarfin da ya ba motar, ya bar ɗan rara kaɗan, kuma wannan rarar ce aka cinye ranar da aka sake lissafin.

Iska mai zafi tana cutar da inji ta hanya biyu. Ta farko, ba ta da nauyi: duk digiri 10 da ta ƙaru, iskar da ke shiga silinda tana raguwa da kusan kashi 3. Wannan asara ce, amma ba ita ce kake ji a ƙafarka ba. Wadda kake ji ita ce ta biyu. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cin sa a tsanake, kuma wannan fashewar tana iya fasa fistin. Kwamfutar mota ta san haka, shi ya sa da zarar ta ga zafin iskar ya haura, ko ta ji ƙarar fashewar ta sensar da ke jikin injin, sai ta jinkirta lokacin kunna wuta, ta ƙara mai don ya sanyaya ciki, wani lokaci ma ta rage matsin turbon. Laƙwas ɗin da kake ji a karo na uku, kwamfutar ce ke kare maka inji. Saboda haka a ajiye tunanin cewa intakula wata na'urar ƙara ƙarfi ce. Aikinta ta hana zafi ƙwace ƙarfin da ka riga ka biya aka saka.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1978 Porsche ta ƙara girman injin 911 Turbo daga lita 3.0 zuwa 3.3 ta kuma saka masa intakula, ƙarfin ya tashi daga doki 260 zuwa 300. Yanzu da wuya ka ga mota mai turbo ta fito daga masana'anta ba tare da ita ba.

Auna tukuna

Na dage a kan awo ne saboda abin da nake gani a gareji. Motoci da yawa da ake kawowa da irin wannan ƙorafin, sabuwar intakula ba ita ce maganinsu ba. Wata tiyo ne ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, turbon yana ta wahala don cike gurbin iskar da ke zurarewa, yana ƙara dafa ta. Wata ganye da ƙura da ƙwari ne suka toshe tsakanin intakula da kondansar AC. Wata robobin da ke tattara iska zuwa saƙar, wato jikin intakular mai hanyoyi da fikafikai, su ne aka cire lokacin wani gyara ba a mayar ba. Wata fulogi ne suka tsufa, ko fetur ɗin da ake zubawa bai kai ingancin da aka yi sabon lissafin a kansa ba. Duk waɗannan suna ba da alama iri ɗaya da taka: lafiya lau da sanyin safiya, rauni da rana.

Don haka a fara da gwajin yoyo. A toshe hanyar iskar, a hura mata matsi daidai da wanda motar ke aiki da shi, a saurara, a fesa ruwan sabulu a kan kowace gaɓa. Sannan a haska fitila ta cikin saƙar a ga ko haske na ratsawa, a wanke ta da ruwa marar ƙarfi don kada fikafikanta su lanƙwashe.

Bayan nan sai awon kansa. Ƙaramar na'urar OBD da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya ta isa. Abubuwan da za ka sa ta rubuta su ne zafin iskar shiga, zafin gari, matsin turbo, lokacin kunna wuta da zafin ruwan lagireto. Akwai tarko ɗaya a nan: a wasu motoci sensar zafin tana jikin ma'aunin iska kusa da akwatin matatar iska, wato kafin turbo, kuma abin da take faɗa zafin gari ne kawai, ba ya gaya maka komai game da intakula. Wadda kake so ita ce ta bayan intakula, a jikin bututu ko kusa da totur. Ka tabbatar wacce kake karantawa. Sai a sa motar a giya ta uku ko ta huɗu, a take daga juyi 2,000 har kusa da jan layi, a maimaita sau uku ba tare da hutu ba, a daidai lokacin ranar da take yi maka ciwon. A yi wannan a kan injin gwaji, wato na'urar da ake ɗora mota a take ta tana wuri ɗaya, ko a filin da aka keɓe, kuma wani ne zai riƙe wayar, ba direba ba.

Ga yadda nake karanta sakamakon. In a ƙarshen kowace takawa iskar ba ta wuce zafin gari da digiri 10 zuwa 15 ba, intakular tana aikinta, a nemi matsalar a wani wuri. In tana haura zafin gari da digiri 25 ko 30, kuma kowace takawa tana farawa daga inda ya fi na baya zafi, sannan ka ga lokacin kunna wuta yana ja baya daidai lokacin da zafin ke hawa, to an kama mai laifi. Wannan hawan daga karo zuwa karo shi ne babbar shaida: ƙarfen ya ƙoshi da zafi, ba ya iya zubar da shi da saurin da ake ɗora masa.

Abu biyu da ke jan igiya

Kowace intakula tana ƙoƙarin yin abu biyu da ba sa jituwa. Tana son sanyaya iska, tana kuma son barin ta ta wuce ba tare da tsaiko ba. Don ta sanyaya sosai sai an cika cikin hanyoyinta da ƙananan fikafikai masu wujijjiga iskar tana gogar ƙarfe, amma duk fiffiken da aka ƙara yana tauye matsi. In aka bar hanyoyin wayam, iska ta wuce salin alin amma ta fita da zafinta.

Nagartar sanyayawa lissafinta mai sauƙi ne: digirin da ta cire, a raba da tazarar da ke tsakanin iskar da ta shigo da zafin gari. A misalinka, iska ta shigo da 160, gari yana 35, tazara 125 ke nan. Mai nagartar kashi 70 za ta fitar da ita a kusan 72. Mai kashi 85 za ta fitar da ita a kusan 54. Tazarar digiri 18 ɗin nan ita ce tsakanin kwamfuta mai ja baya da kwamfuta mai sakin jiki. Ka lura kuma da cewa babu intakular da iskar gari ke sanyayawa da za ta kai ka ƙasa da zafin garin. Ranar da gari ya kai 42, ko mafi kyawu ka saka za ka ga sama da 50 a ƙarshen takawa, kuma motar ba za ta yi kamar yadda take yi da asuba ba.

Asarar matsi ita ce abin da masu talla ba su cika son ambata ba. Kwamfuta tana neman bar 1.4 a bakin injin. In intakula da bututanta suna cinye bar 0.1, turbo zai yi 1.5. In suna cinye 0.3, dole ya yi 1.7, wanda zai ƙara wa iskar kusan digiri 13 tun kafin ta shiga saƙar, ya ƙara wa turbon gudu, ya kuma ƙara takura hayaƙin da ke fita. Asarar tana hawa kusan da ninkin yawan iskar a kansa, wato ƙarin iska kashi 20 yana kawo ƙarin asara sama da kashi 40. Abin da nake nema shi ne kada saƙar ta cinye fiye da bar 0.1, kimanin psi ɗaya da rabi, a iyakar ƙarfin motar. Mai sayarwar da ya san kayansa zai nuna maka zafin shiga da na fita da asarar matsi, a kan irin motarka, tare da zafin garin ranar gwajin. Wanda lambar doki kawai ya rubuta bai gaya maka komai ba, domin babu wata ƙa'ida da kowa ya yarda da ita wajen rubuta wannan lambar. "Doki 700" yana iya nufin iskar doki 700 za ta iya ratsawa ta ciki, ba tare da an ce a wane zafi za ta fito ba.

Kauri da faɗi ba ɗaya ba ne

A nan ne maganar "ba a asara da babba" take rushewa. Abin da ke sanyaya intakula iskar waje ce da ke ratsa ta daga gaba zuwa baya. Lokacin da ta taɓa fuskar saƙar tana da sanyin gari, sai ta kwashi zafi da yawa. Kafin ta kai tsakiya ta riga ta ɗumama, kafin ta kai baya ta kusa daina ɗauka. Ke nan santimitan farko su ke yin mafi yawan aikin, na ƙarshe kuwa ɗan abin da suke yi kaɗan ne. Ƙari a kan haka, duk yadda saƙa ta yi kauri haka take wahalar ratsawa, iska kuma ba ta da haƙuri: in ta ga hanya ta sama ko ta gefe, can za ta bi. Saboda haka tashi daga milimita 65 zuwa 100 ba zai ba ka ƙarin sanyi daidai da ƙarin kaurin ba, ko kusa.

Faɗin fuska kuwa wani abu ne daban. Duk santimitan da ka ƙara a fuska sabuwar iska mai sanyi yake samu. Amma da sharaɗi, sai in iska tana isa gare shi. Na sha ganin manyan intakula da kashi ɗaya cikin uku na fuskarsu yana ɓoye bayan robar bamba ko bayan lambar mota. Wannan ɓangaren nauyi ne kawai ake ɗauke da shi. Kafin ka duba girman abin da za ka saya, ka durƙusa gaban motarka ka auna girman ƙofofin da iska ke shiga ta cikinsu, domin su ne iyakarka.

Sannan ka tuna ba ita kaɗai ke shan iskar gaban mota ba. A bayanta akwai kondansar AC da lagireto, kuma duk iskar da ta ratsa ta za ta isa gare su da zafi da rauni. Injin da ke ba da doki 300 yana shan kusan kilo 0.23 na iska a kowace daƙiƙa, kuma sauke wannan iskar da digiri 100 yana nufin zubar da sama da kilowat 20 na zafi a gaban lagireton. In ka haɗa da katangar milimita 100 da ta rage iskar da ke isa, abin da ke biyo baya sananne ne: allurar zafi tana ɗagawa a cunkoso ko a doguwar hawa, fanka ba ta hutawa, AC ya daina sanyi in an tsaya. Ka magance zafin iska ka jawo zafin ruwa, na biyun kuma ya fi haɗari, don shi ke ƙona gasket.

Maganar ƙarfen bayan bamba ba zan tsawaita ta ba. An saka shi ne don ya karɓi duka ya raba shi zuwa ƙafafun shasi, kuma a motoci da yawa yadda yake lanƙwashewa yana cikin lissafin lokacin da jakar iska za ta buɗe. A sababbin motoci ma akwai radar da sensoci a wannan wurin. A wasu ƙasashen yanke shi yana iya hana motar cin gwajin lafiya ko ya ba kamfanin inshora hujjar ƙin biya. Ga motar da ake ɗaukar iyali a ciki, babu digirin sanyin da ya kai wannan.

Irin saƙar da kawunanta

Saƙa iri biyu za ka tarar a kasuwa. Akwai mai bututu da fiffike, irin wadda yawancin kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta: ba ta da nauyi, iskar waje tana ratsa ta cikin sauƙi, tana saurin hucewa. Akwai kuma mai sanda da faranti, wadda ake jera ta hawa-hawa a haɗe da wuta: ta fi nauyi, ta fi jure tsakuwa da matsi mai yawa, kuma galibi ita ake sayarwa a matsayin ta ƙari.

Nauyin nan yana da amfani, amma a fahimci irin amfaninsa. Ƙarfen yana shan zafi kamar yadda soso ke shan ruwa, yana sha har ya ƙoshi, daga nan sai an matse shi. Kilo 10 na alminiyam da ya ɗumama da digiri 30 ya shanye zafin da ya kai na kusan daƙiƙa 12 na cikakkiyar takawa a injin doki 300. Mai kilo 5 rabin haka za ta sha. Shi ya sa mai nauyi take burgewa a gwajin takawa ɗaya, kuma ga mai tuƙin yau da kullum da yakan take na 'yan daƙiƙu don wuce babbar mota sannan ya saki, wannan amfani ne na gaske. Amma ga mai hawan dogon tsauni da kaya, ko mai zagaye a filin tsere, nauyin zai ƙoshi cikin minti ɗaya, daga nan iskar da ke ratsawa ce kaɗai ke magana, kuma mai nauyin ta fi jinkirin hucewa. Don haka in an nuna maka hoton gwaji, ka tambaya na karo na nawa ne. Ni ban ɗauki ɗaya a kan ta fi ɗaya ba. Mai bututu da aka ƙera da kyau ta fi mai sanda ta banza nesa ba kusa ba. In ka samu dama ka leƙa ta bakinta da fitila: cikin hanyoyin ya kamata ka ga fikafikai a cike, a jere, a manne. In ka ga 'yan tsiraru ne, ko hanyoyin babu komai, ajiye ta komai kyallinta.

Kawunan gefe biyu, inda iska ke shiga da inda take fita, mutane ba su cika kula da su ba, alhali suna iya lalata saƙa mai kyau. Kan da aka yi shi kamar akwati mai kusurwa, da bututu a soke a ƙasa, yakan tura yawancin iskar cikin layukan da ke daidai bakin bututun, na sama su zauna kusan babu aiki. Wanda aka zuba a ƙera shi da lanƙwasa mai laushi, ko aka saka masa maraba a ciki, yana raba iskar ko'ina. Na asali a motoci da yawa kawunansu na roba ne da aka danne da haƙoran alminiyam, kuma in matsi ya ƙaru sukan fara yoyo ta wannan gaɓar. Wannan kaɗai dalili ne mai kyau na komawa mai kawunan alminiyam da aka yi wa walda.

Ba ka faɗi irin motar ba, kuma mazaunin yana canza lissafi. A Golf GTI intakular tana matse ne tsakanin kondansa da lagireto, fuskarta da faɗi amma babu wurin kauri sosai. A Subaru WRX tana kan injin, tana shan iska ta ƙofar da ke kan bonet, don haka tana saurin ɗaukar zafi in an tsaya. Mayar da ita gaba yana nufin dogayen bututai da sake lissafin kwamfuta. A BMW masu injin N54 tana ƙasa a gaba. Wasu kuma, irin su injin B58 na BMW da 1.4 TSI na Volkswagen na baya-bayan nan, da ruwa suke sanyaya iskar a cikin bututun shiga, ruwan kuma yana da nasa ƙaramin lagireto da famfo. Mai irin wannan, abin da zai duba shi ne ƙaramin lagireton da famfon da ko iska ta maƙale a hanyar ruwan. Tunda ka ce an ba ka zaɓin da ke zama bayan bamba, na ɗauka taka mai shan iskar gaba ce.

Jinkiri, bututai da ɗauri

Za ka ji ana cewa babbar intakula tana kawo jinkirin tashin turbo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Injin lita 2.0 a juyi 3,000 yana zuƙar kusan lita 50 na iska a daƙiƙa, don haka ƙarin lita 3 a cikin hanyar ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ya cika. Da mai shiga mazaunin asali da wuya ka ji bambanci. Inda ake jin sa shi ne in an haɗa ƙatuwar saƙa da dogayen bututai masu faɗin inci 3 a kan ƙaramin turbo. Bututun inci 3 ya fi na inci 2.5 faɗin ciki da kashi 44, kuma a aikina inci 2.5 yana isar motar da ba ta wuce doki 350 ba. Turbon asali na injin lita 2.0 ba zai kai ka inda za ka buƙaci fiye da haka ba.

Wajen ɗauri, ƙananan abubuwa ne ke raba aiki mai kyau da na dawowa gobe. Bakin kowane bututu ya zama yana da ɗan tudu a zagaye don kada tiyo ya zame in matsi ya hau. A goge mai daga bakin kafin a saka tiyo, a ɗaure da maɗauri mai ƙarfi ba irin na tiyon ruwa ba. Intakular ta zauna a kan robobinta, kada a ɗaure ta ƙarfe da ƙarfe, don girgiza tana tsaga walda. In an taɓa samun turbo ya lalace a motar, a wanke bututan tas, domin ɓarɓashin ƙarfe yana maƙalewa ya jira sabon turbo ko inji. Ɗan danshin baƙin mai a ciki ba abin tsoro ba ne, amma in mai ya taru har ana zubarwa, a binciki turbon da hanyar numfashin injin kafin a saka sabuwa.

Abin da na fi nanatawa shi ne rufe gefuna. A mayar da duk robobin da ke tattara iska, a cike tazarar da ke tsakanin bamba da saƙar da soso mai jure zafi, a mayar da faifan ƙarƙashin inji, domin yana taimaka wa iskar da ta ratsa ta samu mafita. Na ga matsakaiciyar intakula da aka rufe gefunanta da kyau ta doke babbar da aka rataye iska na zagaye ta.

Doki nawa?

A takawar farko da sanyin safiya, kada ka sa ran wani abin a zo a gani. Kwamfutar tana ba ka kusan duk abin da aka rubuta mata a wannan lokacin, don haka ƙarin kaɗan ne, mai yiwuwa ma ba za ka ji shi ba. Ribar tana karo na uku da rana tsaka, inda motar za ta ja kusan kamar yadda ta ja a karo na farko. In kana son ƙari a kan haka, sai ka koma wurin wanda ya yi maka lissafin ya sake dubawa, tunda yanzu akwai sararin da zai matso da lokacin kunna wuta. A yawancin motoci canza intakula zuwa mai shiga mazaunin asali ba ya tilasta sabon lissafi, amma tunda asarar matsi ta canza, yana da kyau a duba ko matsin yana zarce abin da aka nema.

Iyakata a nan ita ce ban ga motar ba, ban kuma riƙe intakula biyun a hannuna ba, kuma aikina a kan motocin titi yake, ba na tsere ba. Lambobin da na kawo na misali ne a kan zafin gari 35 da turbo mai nagartar kashi 70. In kana zaune a wuri mai tudu sosai, inda iska ba ta da nauyi, turbon yana ƙara wahala kafin ya kai matsi ɗaya, zafin zai fi haka. Akwai kuma yanayi ɗaya da zan sauya shawara: in kana da niyyar saka babban turbo nan gaba kaɗan, to ka jira ka zaɓi intakular tare da shi, kuma ko a lokacin ka nemi wadda ke barin ƙarfen bamba a wurinsa.

Bayan an ɗaura, ka sake gwajin yoyo, sannan ka maimaita takawa ukun nan a giya ɗaya da kusan zafin gari ɗaya, ka ajiye sakamakon kusa da na farko. Ka sa ido a kan zafin ruwan lagireto na 'yan makonni, musamman a cunkoso da AC a kunne. In zafin iskar ya sauka amma har yanzu kwamfutar tana jan lokacin wuta baya, to saura fetur ɗin da fulogi da lissafin kansa, kuma bar 1.4 ɗin na iya zama ya yi wa turbon asali yawa a saman juyi. A irin wannan, rage matsin zuwa 1.3 a saman juyi sau da yawa yakan sa motar ta fi gudu da rana. Ka turo mini awon farko da sunan motar da shekararta, in duba maka kafin ka biya kuɗi.